Katakon Mari

Shafi na 19

Na ga saƙonninku, har da baiwar Allahn da ta ce in ban saki shafi yau ba za ta biyo ni gida. Ki zo mana, wanki ya taru, sai ki kama min. A gajiye na rubuta wannan, kada wanda ya ce min ya yi kaɗan.

Ga wanda ya shigo yanzu: Darakta ta shekara biyu tana wahalar tayar da tsohon wasan barkwancin gidansu, Agogon Maigida, labarin wani attajirin zamanin da wanda ya sayi agogon aljihu don manya su ja shi a jiki, alhali bai iya duba lokaci ba, sai baransa ke duba masa a ɓoye. Yau da yamma mutum uku daga babban gidan wasa na birni za su zo kallon gwajin ƙarshe. In wasan ya burge su, an ɗauke ta aiki ke nan.

*

Tun ƙarfe tara na safe Darakta take ɗakin kaya, bayan dandamali, tana juye akwatuna. Ko ruwan shayi bai shiga cikinta ba. Ta samo hular gashin maigida, ta samo sandarsa mai kan azurfa, ta samo agogon da sarƙarsa. Abu ɗaya ya gagara.

"Gwaggo, wai ina katakon mari?"

Gwaggo yayar babanta ce, ita ke ɗinka kayan wasan tun kafin a haifi Darakta. Tana zaune bakin taga da allura a baki, tana ɗaure maɓallin rigar maigida. Ta yi kamar ba da ita ake ba.

"Gwaggo, da ke nake fa. Wata uku muna gwaji muna tsallake marin nan, Baffa ya ce sai ranar ƙarshe. To yau ce ranar ƙarshen."

"Duba ƙasan akwatin takalma."

Can kuwa ta same shi. Katako biyu ne masu faɗin tafin hannu, an haɗe gindinsu da fata. Aikinsa ɗaya: maigida zai kai hannu kusa da kuncin bara ba tare da ya taɓa shi ba, wani a bayan labule ya buga katakon, tas! Bara ya faɗi, 'yan kallo su kwashe da dariya, kowa ya koma gida da kuncinsa lafiya.

Ta hure ƙurar, ta buɗe shi za ta gwada. Fatar ta tsinke, katako ɗaya ya faɗo mata a kan ƙafa.

"Kai! Ni yau na ga ta kaina. Shekara tara kacal da daina wasan, har fata ta bushe haka?"

Gwaggo ta zare allurar daga bakinta.

"Ba tara ba ce."

"To nawa?"

"Talatin da ɗaya."

Darakta ta yi 'yar dariyar gajiya. "Gwaggo, don Allah yau ba ranar wasa ba ce. Ni da idona na tashi ina ganin ki a bayan labule da katakon nan."

"Riƙe shi kawai nake yi. Kin taɓa ganin na buga?"

Daga waje ana jin masu jera kujeru suna jan ƙarfe a kan siminti.

"To ƙarar da ake ji fa?"

"Kuncin ubanki ne."

Darakta ta nemi akwati ta zauna.

Gwaggo ta ajiye rigar a cinya. Muryarta ba kuka a ciki, ba faɗa, irin ta wanda ya gaji da ɗaukar abu ya sauke kawai.

"Ranar da aka fara wasan, ga yarinta ga tsoro, na makara ban buga ba. Babba, baffanki, shi ne maigida, ya ga hannunsa ya riga ya tafi, sai ya sauke shi da gaske. Ƙarami, ubanki, ya yi juyi biyu ya faɗi kan tire. 'Yar nan, ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mai zauren nan na lokacin yana kujerar gaba, ya yi dariya har aka kawo masa ruwa. Kafin shekara ta zagayo ya ba wa Babba 'yarsa, daga baya ya bar masa zauren."

"Shi kuma Baba?"

"Ɗakin bayan dandamali. Wanda kika tashi a ciki."

"Washegari fa? Me ya hana ki buga?"

"Babba ya ce in riƙe kawai, kada in buga. Wai faɗuwar Ƙarami ta fi kyau in an taɓa shi."

Mari uku ne a wasan. Sau biyu ake yin sa a mako. Shekara ashirin da biyu. Darakta ta fara lissafi a ranta, ta kai wani wuri ta bari. Ta tuna kanta tana 'yar shekara bakwai, tana leƙe ta gefen labule tana tafi, tana faɗa wa 'yan ajinsu duk duniya ba wanda ya iya faɗuwa kamar babanta.

"Kunnensa na hagu ya mutu," in ji Gwaggo. "Ni na kai shi asibiti a ɓoye. Likita ya ce na daman ma ya fara rauni, shi kaɗai ya rage masa, duka ɗaya mai ƙarfi ya isa ya rufe shi. Muna dawowa na ɓoye rigar nan na ce ɓera ya cinye ta. Da haka wasan ya mutu. Shekara tara ina barci lafiya, sai ga ki da takardunki da karatunki, kin zo kin durƙusa gaban ubanki wai ya dawo ya yi miki bara sau ɗaya."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Ubanki ne ya sa na rantse."

"To yau me ya canza?"

"Yau kin tambaye ni katako. Ban iya miki ƙarya da shi a hannunki ba."

*

Ƙarfe goma sha biyu motar Baffa ta tsaya a ƙofa. Shi ne Babban da Gwaggo ke faɗa, yayan babanta, mai zauren. Ya shigo yana ƙamshi, aka sa masa matashi a kujerar gaba. Bayansa ɗansa ne, wanda kowa ke kira Magaji, shi zai fito a maigida yau. Dogo, mai faɗin kafaɗa, ba shi da mugunta, amma in ubansa ya ce rana ta fito da tsakar dare zai ce ya ga haskenta.

Darakta ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye katakon biyu a gabansa.

"Baffa, zan sa a gyara wannan. Da shi za mu yi marin yau."

Ya dubi katakon kamar wanda aka kawo wa mushe.

"Wa ya tono wannan?"

"Ni."

"To mayar. Mutanen birni ba yara ba ne, suna jin ƙarar itace za su gane."

"Ko'ina da shi ake yi, Baffa. A makaranta haka aka koya mana."

"A makaranta." Ya juya wajen ɗansa. "Ka ji, Magaji? A makaranta. Shekara ashirin da biyu ina cika zauren nan har mutane na zama a taga, yau 'yar Ƙarami za ta koya min wasa."

"Kunnensa ya mutu, Baffa."

Ta zaci zai girgiza. Wallahi ko gira bai ɗaga ba.

"Na sani."

"Ka sani?"

"Ƙanina ne, ta ya ba zan sani ba? Ya taɓa kawo miki ƙara? Ya taɓa cewa na zalunce shi? Ɗakin da yake ciki, an taɓa ce masa tashi? Ke da kike ɗaga min murya, da marin nan kika yi karatun da kike taƙama da shi."

"Ban ɗaga murya ba."

"To kada ki fara. Ki saurare ni da kyau, don ba na son maimaici. Ubanmu riga ɗaya ya ɗinka ta maigida. Muka gwada, ni ta yi wa daidai, Ƙarami hannunta ya rufe masa yatsu. Ban ƙwace ba, ban roƙa ba. Na yi maigida, ɗana zai yi maigida. Wasan nan yadda aka san shi za a yi shi."

"In na ƙi fa?"

"Sai in sa a rufe ƙofa. Ki tari baƙinki a titi ki yi musu bayani."

Magaji ya sosa ƙeya. "Baba, ko dai a..."

"Kai, wa ya sa da kai?"

Darakta ta kwashi katakonta ta miƙe. Ba ta yi kuka ba, ko ƙarfin kukan ma babu.

*

Ɗakin Baba gado ɗaya ne, da madubi mai tsaga, da ƙusa uku a bango da ake rataye kaya. Ya riga ya sa wandon bara mai faci, yana zaune gaban madubi yana shafa ja a hanci. Ya sunkuya yana neman murfin kwalba, bai ga shigowarta ba.

Ta tsaya a hagunsa, kusa sosai.

"Baba, na san komai."

Ya ci gaba da lalube.

"Baba, ka yafe min."

Ko motsi. Sau nawa ta yi fushi da mutumin nan tana yarinya, ta ce tana magana yana share ta? Sau nawa ta ce ba ya son ta ne? Ta zagaya ta dawo damansa, ta durƙusa.

"Baba."

"A'a, Uwata! Yaushe kika shigo? Duba hancin nan, ya yi ja ko in ƙara?"

Ta ɗora katakon a kan gwiwarsa.

Ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya sauke numfashi.

"Bakin gwaggonki ba ya riƙe ruwa."

"Shekara talatin da ɗaya ta riƙe. Baba, na fasa. Zan kira su in ce kada su zo."

"Ki ce musu me?"

"Ko me. In ce ba ka da lafiya."

"Lafiyata ƙalau. Zauna sosai, gwiwarki za ta yi ciwo." Ya jawo mata kujerar roba da ƙafa. "Shekara biyu ina kallon ki. Kin sayar da keken ɗinkin uwarki kin sayi fitilu. Kin rame, kin yi baƙi, ba kya ci ba kya barci. Yau saura awa huɗu ki ce kin fasa?"

"To a yi da katako."

"Babba ya yarda?"

Ta girgiza kai.

"Ko ya yarda ma ba zai yiwu ba. Lokacin marin kaina na ƙasa ina duba agogo, ba na ganin hannu. In zaure ya ɗauki dariya kuma ba na jin komai, sai abin da aka faɗa a bakin kunnen nan na dama. Za a buga katako ina tsaye kamar gunki, in kunyata ki gaban baƙi. Sai na ji a jikina nake sanin lokacin faɗuwa ya yi."

"Me ya sa ka yarda tun farko, Baba? Me ya sa?"

Ya yi murmushi, jan hancin ya sa murmushin ya zama abin tausayi.

"Da farko na ce na mako ɗaya ne. Sai aka haife ki. Sai makaranta. Daga baya kuma, in gaya miki gaskiya, na saba da dariyar. In na fita kasuwa ba wanda ya san sunana, amma kowa ya san faɗuwata. Mutum yana son a san shi da wani abu, Uwata, ko da faɗuwa ce."

"Ni ba na son a san ka da ita."

"To ki tafi birni ki rubuta min wasan da zan zauna a kujera in ɗora ƙafa kan ƙafa. Amma sai kin je tukuna. Ni na gaji da ɗakin nan, ba na son ki gaje shi."

"Likita ya ce duka ɗaya..."

"A na dama ya ce. Mari a hagu yake sauka, nan Babba ya saba ajiye shi, shi ya sa nake juya wa jama'a wannan gefen su gani da kyau. Kunnen nan ya riga ya tafi, me za a ƙara yi masa? Zafi ne na minti biyu. Uku ne kawai, ki rufe ido."

Ku faɗi abin da za ku faɗa a kan Darakta, ni ma na faɗa a raina. Amma ta gaji. Shekara biyu ta danne mata kafaɗa, ga uba yana ba ta hanya da bakinsa, ga birni yana kiran ta. Ta ce a ranta, ai gefen da ya mutu ne. Ta maimaita har sau uku, har maganar ta fara kama da gaskiya.

"Yau kaɗai, Baba. In sun ɗauke mu, da katako za a yi ko a bari."

"Yau kaɗai. Miƙo min hular can."

A hanyar fita ta ci karo da Magaji, Gwaggo na sa masa rigar maigida mai maɓallan zinariya. Ta yi masa daidai kamar don shi aka ɗinka.

"Yaya, don girman Allah, a hankali."

"Ni ma ba so nake ba, ƙanwata. Amma ya ce in na yi sanyi-sanyi kada in kwana gidansa."

Gwaggo ba ta dubi ko ɗayansu ba. Ta ciji zare ta tofar.

*

Ƙarfe huɗu zaure ya cika. Baffa ya gayyato surukansa da abokan kasuwancinsa, an zo da manyan kaya ana fifita da takardar shiri. Baƙin birni uku suna layin gaba, mace ɗaya mai tabarau da maza biyu, kowa da littafi a cinya. Darakta na gefen mai tabarau.

Aka ja labule.

Baba ya shigo da tire a ka, yana tafiyar nan tasa ta agwagwa, kafin ya buɗe baki zaure ya ɗauka. Tsofaffin da suka san shi suka fara tafi. Shekara tara kamar jiya ya sauka. Ya zuba wa baƙon maigida shayi a hula, ya goge da gemun wani, ya nemi gafarar kujera. Mai tabarau ta yi dariya har ta cire tabarau tana goge ido. Ta karkato wajen Darakta.

"Wannan dattijon a ina kika samo shi?"

"Mahaifina ne."

"Kai, madalla. Irin wannan muke nema." Ta rubuta wani abu ta ja layi biyu a ƙasa.

Ga shi nan, abin da Darakta ta shekara biyu tana bi, ya zo har gefen kujerarta.

A kan dandamali maigida ya zaro agogo gaban manyan baƙinsa, ya riƙe shi a juye, ya tura ciki gaba.

"Ƙarfe tara daidai!"

Bara ya matso, ya juya wa jama'a gefensa na hagu kamar yadda ya saba, ya sunkuyar da kai kan agogon.

"Ranka ya daɗe, in tara ce to rana ta yi ɓatan hanya. Uku ce da rabi."

Zaure ya kece. Baffa ya gyara zama, ya ɗaga wa ɗansa haɓa.

Magaji ya saki agogon ya rataya a sarƙa. Sandar girma tana hannunsa na hagu. Darakta ta ga ya mayar da ita hannun dama.

Me ya sa zai cika hannun da zai yi mari da shi?

Sai abin ya faɗo mata gaba ɗaya. Tare suka tashi da Magaji. Da hagu yake rubutu, da hagu yake jifa, an yi masa dukan duniya yana yaro bai daina ba. Magaji bahago ne. Wata uku suna tsallake marin, ba wanda ya taɓa ganin hannun da zai ɗaga. Hannun Baffa na dama ne, shi ya sa yake sauka a kuncin hagu. Na Magaji kuwa...

Kunnen dama. Wanda ya rage.

Ta hango Gwaggo a gefen labule ta dafe ƙirji, ita ma ta gani.

Hannun Magaji ya tashi sama, ya ja shi baya sosai yadda ubansa ya koya masa.

Darakta ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Littafin mai tabarau ya faɗi ƙasa.

"Tsaya! Yaya, tsaya! Baba, kauce!"

'Yan kallo suka zaci cikin wasan ne, dariya ta ninku har tagogi na amsawa. Magaji ya ji kamar muryarta, idonsa ya ɗan karkato, amma kafaɗarsa ta riga ta juya.

Baba kuwa kansa na ƙasa yana duban agogo, kunnen da ya mutu yana fuskantar 'yarsa, ya ɗan miƙa wuya gaba yana jira.